Sharhi: Tsakanin kurmi da rafi akwai gona, can kwaɗin Afirka ta Yamma ke ƙarewa

Tun watan Maris na 2024, lokacin da farashin tan ɗaya na koko ya haura dalar Amurka 10,000 a kasuwar duniya, gwamnatocin Kodibuwa da Gana suka shiga tsaka mai wuya. Ƙasashen biyu ne ke samar da fiye da rabin kokon da duniya ke yin cakulan da shi. Manoma sun ga kuɗi: a Kodibuwa kilon da hukuma ta tsayar a kan sefa 1,000 ya koma 1,500 a watan Afrilu na shekarar, ya kuma kai 1,800 a watan Oktoba. Duk wanda ya ga haka zai so ƙara gona. Ita kuwa Tarayyar Turai, babbar mai sayen kayan, tun 2023 ta kafa dokar da ta hana shigar da koko, gahawa, manja, roba, waken suya, katako da naman shanu kasuwarta muddin sun fito daga filin da aka sare dajinsa bayan 31 ga Disamba 2020. An ɗage fara aiki da dokar a ƙarshen 2024 bayan ƙorafin ƙasashe masu noma da na ƴan kasuwa, amma tuni aka duƙufa auna gonaki da na'urar GPS, ana yi wa manoma rajista, ana zana taswira.

Duk wannan aikin tambaya ɗaya yake amsawa: ina daji ya ƙare, ina gona ta fara. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ko guntun dajin da aka bari a tsakiyar gonaki zai iya riƙe halittun da ke cikinsa. Binciken da aka yi a kan kwaɗi cikin kusan shekaru 20 ya nuna cewa amsar tana hannun gonar da ke kewaye da dajin, fiye da yadda masu zana taswira ke zato.

A watan Oktoba na 2023 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa sakamakon ƙidaya ta biyu ta duniya a kan dangin kwaɗi, wato halittun da ke raba rayuwarsu tsakanin ruwa da tudu. An duba nau'i 8,011, aka tarar kusan kashi 41 cikin 100 na fuskantar barazanar ƙarewa. A dabbobi masu shayarwa adadin kusan kashi 27 ne, a tsuntsaye kuma kusan 13. Cikin nau'o'in da ke cikin haɗarin, noma ya shafi kashi 77 cikin 100, yayin da cuta da sauyin yanayi kowanne ya shafi kashi 29. Ke nan garma da adda sun fi komai yi musu ɓarna, ko da yake sauyin yanayi ne ya fi samun kanun labarai.

Halitta mai gida biyu

Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fata yake tsotsarsa, musamman ta ƙasan ciki, kuma ta fatar yake samun wani ɓangare na numfashinsa. Ƙofar da ruwa ke shiga, ta nan yake fita. Ƙaramin kwaɗon kurmi da bai fi kan yatsa ba, in ya tsinci kansa a fili da rana tsaka, ba ya daɗewa zai bushe. Shi ya sa kurmi mai rufaffen sama, inda ganyen da ya zube ke riƙe laima dare da rana, ya zama masaukinsa.

Sai dai yawancinsu ba sa haihuwa a inda suke kwana. A ruwa ake zuba ƙwai, ƴaƴan su ƙyanƙyashe da jela kamar ƙananan kifaye, su yi makonni suna iyo kafin ƙafafu su fito, jelar ta shanye, su hau tudu. Iyaye na saukowa daga daji zuwa rafi ko kududdufi, ƴaƴa kuma su yi tafiyar komawa. Muddin dajin ya kai har bakin ruwa, a inuwa ake yin wannan zirga-zirga. In aka share tsakani aka yi gona, tafiyar mita 200 ta zama kamar ratsa Tenere babu salkar ruwa.

A Barazil aka fara bayyana wannan matsala dalla-dalla. Kurmin da ya bi gaɓar tekun Atilantika a ƙasar ya ragu zuwa kusan kashi 12 cikin 100 na asalinsa, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na guntayen da suka rage ba su kai hekta 50 ba. Wani masani mai suna Carlos Guilherme Becker da abokan aikinsa sun lura da abin da kowane manomi ya sani: mutum ya fi son kwari, inda ruwa yake, ƙasa kuma ke da laushi. Don haka aka share kwaruruka aka yi makiyayar shanu da gonaki, daji ya maƙale a kan tsaunuka inda babu rafi. A binciken da suka wallafa a mujallar Science a 2007, sun nuna cewa wannan rabuwa tsakanin daji da ruwa tana rage yawan nau'in kwaɗin da ƴaƴansu ke girma a ruwa. Waɗanda ke zuba ƙwai a cikin danshin ganye, ɗan ya fito da ƙafafunsa kai tsaye, ba su ji jiki haka ba, tunda ba su da dalilin barin daji.

Abin lura a nan shi ne, daga sama dajin na nan kore shar. Tauraron ɗan Adam zai ƙirga shi cikin wanda aka tsare. Amma kowace damina manya na fita su mutu a hanya, ƴaƴan da suka hau tudu ba su san ta inda daji yake ba, har wata rana a nemi nau'in a rasa, alhali ba a sare ko reshe ɗaya a cikin dajin ba.

Abin da aka gani a Tai

Kodibuwa ta bi hanya mai kama da wannan, cikin sauri kuma. Ƙididdigar da hukumomin ƙasar suka fitar a 2021 ta nuna dajin da ya rage bai kai hekta miliyan 3 ba, bayan a 1986 yana kusan miliyan 8. Babban abin da ya tsira shi ne gandun dajin Tai a kudu maso yamma, kusa da iyakar Laberiya, mai faɗin kusan hekta dubu 500, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1982. A kewayensa kuwa koko da roba sun cinye tudu, shinkafa ta cinye fadamu, sai ƴan tsibiran kurmi nan da can, wasunsu dazuzzukan al'ada ne da ƙauyuka suka haramta taɓawa.

A 2008 Annika Hillers, Michael Veith da Mark-Oliver Rödel, masana daga Jamus, suka wallafa kwatancin da suka yi tsakanin kwaɗin da ke zaune a tarin ganye cikin babban dajin Tai da na guntayen da ke gefensa. Guntayen sun fi ƙarancin nau'i, kuma waɗanda ke cikinsu sun sha bamban da na babban dajin. Amma da suka bi diddigin dalili, sai suka ga lalacewar cikin dajin ta fi tasiri a kan ƙanƙantarsa ko nisansa da uwar daji. Abin da ya fi tsayar da ko wani nau'i zai zauna shi ne samun ruwan haihuwa, da tsarin itatuwa, da kaurin ganyen ƙasa. Masanan sun ƙara da wata magana mai nauyi: wataƙila babban dajin da ke kusa ne ke riƙe wa yankin laima, shi ya sa illar rarrabuwar ba ta yi tsanani ba. A wuraren da babu irin wannan babban daji, kamar galibin tsakiyar Kodibuwa da yammacin Gana, guntun kurmi ba shi da mai rufa masa asiri sai gonar maƙwabta.

Ita wannan lalacewa daga gona take shigowa. Inda aka share fili har gindin daji, iska mai zafi da hasken rana na kutsawa ciki, ganyen ƙasa ya bushe, ƙananan ramukan ruwa su ƙafe kafin ƴaƴan kwaɗi su gama girma. A ƙaramin daji, abin da ake kira baki na iya haɗuwa daga kowane ɓangare har tsakiya ta ɓace. Ga masu shiga neman itacen girki da sandunan gini, ga wutar share gona da kan tsallaka. A Tai akwai wani ɗan kwaɗo da masana ke kira Phrynobatrachus guineensis, wanda ke haihuwa a ruwan da ya taru a kogon itace ko a cikin kwanson dodon koɗi. Cokali kaɗan na ruwa ne duk duniyar ƴaƴansa. Kwana biyu na busasshiyar iska sun isa su kashe zuriyar.

Wanda ya kwana a ƙauyen masu koko zai iya musanta duk wannan, domin da dare kukan kwaɗi ba ya bari a yi barci. Gaskiyarsa. Sai dai masu kukan galibi baƙi ne: nau'o'in fili masu jure zafi, irin babban kwaɗon ruwan nan da ake kamawa a ci, da mai kaushin baya da ke shiga tsakar gida, dangin waɗanda ke kuka a tabkunan Maraɗi da Damagaram. Su ne ke bin gona su shiga inda kurmi yake a da. Ƙidayar kai za ta nuna kwaɗi na nan da yawa, amma na kurmin, waɗanda wasunsu babu su ko'ina a duniya sai tsakanin Gini da Togo, su ne suka tafi.

Gona ma suna ta tara

Koko asalinsa ɗan inuwa ne, a ƙarƙashin manyan itatuwan Amazon ya samo asali. A kudancin Kamaru har yanzu ana nomansa a ƙarƙashin dogayen itatuwa, ta yadda baƙo zai ɗauka daji ya shiga. A Kodibuwa da yammacin Gana kuwa an rungumi nomansa a rana, ana kashe manyan itatuwan domin ya yi saurin ba da ƴaƴa. Yana bayarwa kuwa, na wasu shekaru, kafin ƙasa ta gaji, cuta ta yi yawa, manomi ya nausa gaba neman sabon daji. Masanin tattalin arzikin noma ɗan Faransa François Ruf ya daɗe da bayyana wannan zagaye, inda ya nuna cewa arzikin koko a yankin cin jarin daji ne.

Ga kwaɗo, bambancin gonakin biyu na rai da mutuwa ne. Gona mai inuwa tana da sanyi, tana da ganye a ƙasa, ana iya ratsa ta zuwa rafi ko zuwa wani guntun daji a haɗu da dangi. Ba ta maye gurbin kurmi, domin nau'o'in da suka fi tsirfa ba sa zama a cikinta, amma hanya ce. Gonar rana, ko ta masara, ko filin da aka fesa wa maganin ciyawa ya zama tsirara, katanga ce.

Sai batun feshi. Tun 2001 Gana ke gudanar da shirin feshin gonakin koko na bai ɗaya domin yaƙi da ƙwari da cutar ruɓewar kwanso, kuma maganin ciyawa ya maye gurbin adda a gonaki da dama saboda tsadar ƴan ƙodago. Fatar da ke tsotsar ruwa ba ta tace guba. A wani gwaji da Carsten Brühl da abokansa suka wallafa a 2013, an fesa wa ƙananan kwaɗi magungunan gona daidai awon da aka rubuta a jikin kwalba. Mutuwar ta kama daga kashi 40 zuwa 100 cikin 100, wani maganin ma ya kashe su duka cikin awa ɗaya. Da kwaɗin Turai aka yi gwajin, amma fata fata ce. Kuma lokacin feshi yakan zo daidai da damina, lokacin da kwaɗi ke kan hanya, ruwan sama kuma na wanke gona yana zubawa a rafin da ƙwai yake.

Akwai wata hujja da ta sa batun Afirka ta Yamma ya fita daban. A Amurka ta Tsakiya da Ostiraliya, wata cutar fata da wani nau'in fumfuna ke haddasawa ce ta share kwaɗi har a cikin dazuzzukan da ba a taɓa ba. Wani bincike na 2013 ya gwada kusan kwaɗi 800 daga ƙasashe bakwai, daga Binin zuwa Saliyo, bai samu cutar a jikin ko ɗaya ba, duk da cewa an same ta a Najeriya da Kamaru. Saboda haka a yankin koko ba za a ɗora wa annoba laifi ba.

Inda doka ba ta duba ba

Dokar Turai ta ɗauki ma'anar daji a matsayin fili da ya wuce rabin hekta, mai itatuwa sama da mita 5, wanda rassansu suka rufe fiye da kashi 10 cikin 100. Gonar koko, ko da tana cike da manyan itatuwa, ƙasar noma ce a wurinta. Sakamakon haka, manomin da ya sare duk itatuwan inuwar gonarsa, ko ya share har bakin ƙorama a filin da dama gona ne, bai karya komai ba, kokonsa zai shiga Amsterdam lafiya lau. Wanda ya bar su kuma dokar ba ta ƙara masa ko dala ba. Hana sabon sara abu ne mai kyau, ba a musu. Amma a ƙasar da mafi yawan dajin ya riga ya tafi, makomar abin da ya rage tana cikin gonakin da dokar ta wanke.

Barazil, duk da nata matsalolin, ta sa wannan a rubuce. Dokar dajinta ta 2012 ta wajabta barin mita 30 na tsirrai a kowane gefen rafin da faɗinsa bai kai mita 10 ba, ko da yake an sassauta wa ƙananan manoman da suka riga suka share, wasu har zuwa mita 5. Kodibuwa ta sabunta dokar dajinta a 2019, tana kuma da burin mayar da daji kashi 20 cikin 100 na ƙasar nan da 2030. Ƙarƙashin yarjejeniyar koko da daji da ƙasashen biyu suka sa wa hannu da kamfanonin cakulan a 2017, an raba miliyoyin dashen itatuwa. Raba dashe na da sauƙin ƙirgawa a rahoto. A ina aka dasa shi, ya rayu ko bai rayu ba, ya haɗa daji da rafi ko an jera shi a bakin hanya, wannan ne ba a cika ji ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa manomi ke gudun itace. A Gana, itacen katako da ya tsiro da kansa a gona na gwamnati ne. Tana iya ba ɗan kwangila izinin sare shi, ya faɗo ya ragargaza koko, mai gona ya tashi da asara. Mai hankali sai ya kashe itacen tun yana ƙarami.

A nan ne Nijar ke da abin faɗa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun san wannan hali, domin a da itacen gona abin tsoro ne, na jami'an gandun daji ne da tararsu. Da aka fara sassabin zamani a shekarun 1980, aka kuma sakar wa manomi mara ya amfana da abin da ya raina, sai gawo da kalgo da sabara suka dawo gonaki. Masu bincike sun ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tsara wannan aiki. Mafi yawan itatuwan nan ba dasa su aka yi ba, barin su aka yi. Yankin koko na da kututture da iri a ƙasa fiye da na Sahel nesa ba kusa ba. Abin da ya rage masa shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne.

Mai karatu na iya cewa, ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, wa ke ta kwaɗo. Indiya ta hana fitar da cinyoyin kwaɗi zuwa waje a 1987, kuma cikin dalilan har da yawaitar ƙwari a gonakin shinkafa bayan an kwashe masu cinye su. Wani bincike na 2022 ya gano cewa a Kosta Rika da Panama, bayan cutar fatar nan ta share kwaɗi, zazzaɓin cizon sauro ya ƙaru na tsawon shekaru, har kusan ƙarin mutum ɗaya cikin 1,000 a shekara lokacin da abin ya fi ƙamari. Dangantaka ce aka gano ta lissafi, yanayin can kuma ba irin na nan ba ne, amma ƙasar da zazzaɓi ke cika asibitocinta kowace damina ba za ta yi wa irin wannan labari kunnen uwar shegu ba. A Gana ma, tsaunin Atewa, inda a 2021 aka bayyana wani sabon nau'in kwaɗon rafi da babu shi ko'ina sai can, shi ne mafarin kogunan Densu, Birim da Ayensu da mutane kusan miliyan 5 ke sha. Ruwan da ya gagari kwaɗo a can, shi ne ke gangarowa famfunan Akara.

Kwaɗin Nijar ba na kurmi ba ne. Sun saba da wuya: da rani wasu na binne kansu a ƙasa, wasu na laɓewa a gindin itace ko tsagar rijiya, su fito da ruwan farko. Duk da haka su ma gida biyu gare su, maɓoya da tabki, kuma tsakaninsu yanzu gona ce. Dajin Baban Rafi da ke gundumar Madarunfa, wanda ya daɗe yana ciyar da Maraɗi da itacen girki, gonakin hatsi sun matse shi. Bakin tabkuna da gulabe ya zama wurin noman rani, inda ake fesa wa tumatir da kabeji da zogale magani akai-akai. Ƙungiyar RECA ta zaurukan manoma ta sha nuna cewa yawancin magungunan da ke kasuwannin ƙasar ba su da amincewar kwamitin Sahel mai tantance su, kuma da yawa ta iyaka suke shigowa. A can Malanbil, tsallaken kogi daga Gaya, masu bincike sun rubuta yadda ake kama manyan kwaɗi da yawa, a busar, a yi safararsu zuwa kasuwannin Najeriya.

A lambunan bakin tabki, in an gama feshi da yamma, sau da yawa a ruwan da ya fi kusa ake ɗauraye tankin, ragowar ta koma inda ta fi sauƙin zubarwa. A wannan ruwan ake shayar da awaki, yara na wanka a ciki, kuma a gefensa mara zurfi, daidai inda ake tsugunawa a yi ɗaurayar, kwaɗi ke zuba ƙwansu.